Silifas ɗin Ba'amurkiya a Ƙofar Gwaggo

Shekarar da mahaifiyata ta rasu ina Dubai, ban samu jana'izarta ba. Kafin a gama batun tikiti an riga an kai ta makwancinta a Kano. Na je na yi zaman makoki, na dawo. Maigidana akanta ne a wani kamfanin robobi can Dubai Investments Park, da asuba yake fita, sai bayan isha'i ya shigo a gajiye. Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna. Saboda haka wuni nake yi ni kaɗai a sashenmu, cikin wani tsohon bene a Al Rigga, daga ni sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki.

A lif na haɗu da Gwaggo. Na shigo da leda a hannu, saƙon kayan miya ne wata ta taho mini da shi daga gida. Tsohuwar da na tarar a ciki, doguwa mai farin gilashi, ta ɗaga kai tana shaƙar iska.

"Wannan daddawa ce, ko hancina ne ya fara yi mini ƙarya?"

Na durƙusa na gaishe ta a cikin lif ɗin nan, har wani ɗan Indiya ya ja baya yana kallonmu. Washegari na yi miyar kuka na hau da ita sama.

'Yar Damagaram ce. Tana zaune a hawan da ke saman namu tare da ɗanta, mai harkar kago, wato aika kaya ƙasashe, a Al Ras, wanda ya kawo ta neman maganin gwiwa, zama ya miƙe. Shi ne ɗanta na fari, shi ne kuma kaɗai, don haka ba ta kama sunansa. Sai dai ta ce "mai kagon nan", ko "wancan da ba ya zama". Tun tana budurwa, da ta gama lakwal, wato makarantar boko a bakinsu, gwamnatinsu ta tura ta karatun haɗa magunguna a Rasha, zamanin Tarayyar Sobiyat. Ta yi shekaru a can, ta dawo ta yi aiki a Yamai har ta yi ritaya.

Ban san lokacin da hawa sama ya zama mini kamar farilla ba. Ina idar da la'asar sai in haye. In dama mata kunun gyaɗa, in tsefe mata kai, in shafa mata man zafi a gwiwa, ita kuma ta riƙe mini Alƙur'ani ina kawo hadda. Idan na yi sallama sai ta kira sunana da ƙarfi, ta ja ƙarshensa irin na mutanen Damagaram, ta ce, "Shigo, ɗiyata." Ni auta ce a gidanmu, sunana ba ya barin bakin mahaifiyata. Tun da ta rasu ban sake jin wani ya kira shi har na ji a ƙirjina ba sai Gwaggo.

Ɗanta ne ya kawo shawarar koyarwa, ganin zaman ya ishe ta. Ya saya mata kwamfuta, ya sa ta a wani shafi da masu neman malamin harshe suke dubawa. Abin mamaki, yawancin waɗanda suka neme ta Amurkawa ne. Da magariba a nan, su safiyarsu ce, sai ka ga fuska ta fito a allo da kofin gahawa a hannu.

Na ce, "Gwaggo, su da duniya duk ke koyon yarensu, me za su yi da Rashanci?"

"Bon, kowa da abin da ya kai shi. Wancan tsohon ya yi ritaya, yana so ya karanta littattafansu yadda aka rubuta su kafin ya mutu. Wannan saurayin uwar budurwarsa yake tsoro. Waccan yarinyar kuwa a jami'arsu aka rufe ajin, wai ɗalibai sun yi kaɗan."

"To don me ba su nemi Barashe ba?"

"Sun nema. Wanda aka haifa cikin yare bai san inda yake ciwo ba. Ni da girmana na koya, ina kuka ina koyo, yatsuna a ƙanƙare. Kafin su ce wash na san inda ya soke su."

Waɗannan ba su taɓa damuna ba. Fuskoki ne a allo, ana rufe kwamfuta sun tafi. Har addu'a nake yi wa tsohon nan Allah ya ara masa kwana ya gama littafinsa.

Sai wata ta ce ita ba ta son allo, a Dubai take, za ta riƙa zuwa da ƙafarta. Ba'amurkiya ce, sa'ata ko ta ɗan girme ni, tana aikin dillancin gidaje, kuma Rashawa sun yi yawa cikin masu saye. Kakarta daga Rasha ta je Amurka, amma ta ƙi koya wa 'ya'yanta yaren don kada a riƙa nuna su. Ita jikar ta ɗan taɓa shi a jami'a, ya zube. Ta ce 'yan uwanta a gida suna tambayarta abin da ya haɗa ta da yaren mutanen nan a wannan zamani na yaƙi, ita kuma tana ce musu da kakarta take son yin magana, ko da ta makara.

Lokacin da ya yi mata daidai shi ne bayan la'asar. Lokacina.

Da ma a ce mai girman kai ce, da na samu abin riƙewa. Ina! Yarinya mai fara'a, ta rufe hannuwanta har wuyan hannu, ta zo da dabino a kwali. Da ta ga ina salla a gefe sai ta yi shiru har na sallame. Na duba ta sama da ƙasa ban ga inda zan tsane ta ba, wannan ma ya ƙara mini zafi.

A zuwanta na biyu na tarar da silifas a bakin ƙofa. Sababbi, masu taushi, ruwan toka, an jera su kai ɗaya suna kallon cikin ɗaki. Gwaggo ta ce haka ake yi a Rasha, mai gida yana ajiye wa mai zuwa takalmin shiga ɗaki. Ni kuwa tun da nake hawa gidan nan, takalmina nake tuɓewa a waje in taka tayil mai sanyi da tafin ƙafata. Ban taɓa kawo komai a raina ba sai ranar.

Bayan silifas sai kofuna. Akwai wasu kofunan gilashi masu mazaunin ƙarfe a kabad, waɗanda ta taho da su tun daga can. Ni nake goge musu ƙura, ban taɓa ganin an sha ko ruwa a ciki ba. Ranar ta ce in sauko da biyu. Na zuba baƙin shayi, na yanka lemon tsami, na sa jam a ɗan faranti kamar yadda ta ce, wai a can lasa ake yi ana kurɓa. Na kai musu, na koma kicin na sha nawa a kofin roba.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan dariyar. Ban san Gwaggo tana da irin wannan dariya ba. Idan suka shiga yaren nan sai muryarta ta sauya, ta yi kauri, ta yi sauri. Ta miƙe zaune, ta manta da gwiwa, tana buga tebur. Ba'amurkiya ta yi kuskure, Gwaggo ta kwaikwaye ta, su kwashe har da hawaye. Ni ina bakin ƙofar kicin da tire a hannu, ina murmushin wanda bai san abin da aka ce ba. Ni abin da nake samu shi ne "wash, bayana" da "yau ban yi barci ba". Wata ta zo daga wata uwa duniya ta samu budurwar da ke cikin tsohuwar nan, ni an bar ni da gwiwoyi.

A cikin kwanakin ne na lura sunana ya ɓace daga bakinta. Ba zan iya cewa ga ranar da ta daina ba, na dai farga ne kawai na daɗe ban ji shi ba.

"Ke, ruwan ya tafasa?"

"Yarinyar nan, rage mana sanyin."

Idan tana nuna ni ga Ba'amurkiya sai ta karkata haɓa wajena ba tare da ta dube ni ba. Sunan ɗalibarta kuwa kamar waƙa, ta kira shi a farkon magana ta kira shi a ƙarshe. Akwai kuma wata kalma da take yawan ce mata, "docka". Rannan muna jiran lif na daure na tambayi Ba'amurkiyar da ɗan Turancina na sakandare. Ta yi murmushi ta dafa ƙirji.

"'Yata," in ji ta.

Na sauka a hawanmu, na shiga banɗaki na kunna famfo don kada maƙwabta su ji kukana.

Na ji tsoron abin da ke raina. Na san hassada tana cinye lada, na yi ta karanta Falaƙi da Nasi ina tofa wa kaina, ina neman tsari daga kaina. Na tambayi zuciyata ko so nake yarinyar nan ta rasa abin da ta samu. Wata rana amsar ta zo a'a. Wata rana kuma, in lokacin zuwanta ya yi na tuna jirgin ƙasan da yake sauke ta a tashar Al Rigga, sai in tsinci kaina ina fatan yau ya wuce da ita gaba.

Ranar Lahadi muna karin kumallo na faɗa wa maigidana. Ya ajiye burodi ya dube ni.

"Wai ke kishi kike yi da mai koyon a, ba, ca?"

"Ka ga silifas ɗin kuwa?"

"In saya miki dozin a kasuwar Naif? Ruwan toka ko ja?"

"Wallahi ba wasa nake yi ba."

"Haba, habibti. Kasuwanci ne fa. Ni ma in baƙo ya zo ofis, kujerar da ba ta karye ba muke ba shi."

Na tattara kwanuka. Namiji ne, shi a ganinsa magana ta ƙare.

Sai na yanke shawarar in shiga yaren da kaina. Na sauke wata manhaja a waya, irin wadda Ba'amurkiyar ta ce mutanensu da yawa da ita suke farawa. Ina yanka albasa ina maimaitawa, ina guga ina maimaitawa. Haruffan ma kamar an juya wasu baya. Gaisuwarsu kaɗai sai da ta kusa tsinka mini harshe, baƙaƙe a cunkushe babu wurin numfashi. Da na ga ta zauna, na haɗa ta da "ga shayi, bisimilla" irin nasu, na riƙe su a baki na hau sama.

Na shigo da tire, na durƙusa na ajiye, na faɗa. Da ƙyar dai, amma na kai ƙarshe.

Ba'amurkiya ta yi tsalle tana tafi. Ni ba ita nake kallo ba. Gwaggo ta gyara gilashinta, idonta a kan littafi.

"Ke, bar wannan. Kin bar kunu a wuta."

Ko kuskurena ba ta gyara ba. Ɗalibarta in ta faɗi kalma ɗaya daidai sai an yi mata kirari. Na tashi na sauke kunun, na zuba a kwano na rufe, na sa takalmina na sauka ba sallama.

Washegari ban hau ba. Na ce wa kaina kaina ke ciwo, kuma da gaske ya soma. Kwanaki suka yi ta wucewa. Da la'asar sai in ji takun Ba'amurkiya a saman kaina, takun silifas, shuu, shuu. Na jira Gwaggo ta kira waya ko ta aiko a tambayi lafiyata. Sau ɗaya ɗanta ya ƙwanƙwasa, ya miƙo kular da na bari a can, cike da kanumfari da citta daga Al Ras.

"Tsohuwa ta ce a kawo."

"Ba ta ce komai ba?"

"Halas, shi ke nan abin da ta ce." Wayarsa na ƙara, ya wuce.

Na zauna da kular a cinya ina shaƙar kanumfari. Na ce to, an sallame ni ke nan, har da tukwici.

Wata ranar Talata, bayan an tashi darasi, aka buga ƙofa. Na leƙa, Ba'amurkiya ce. Na so in yi kamar ba na nan, amma baƙo a ƙofa ba a yi masa haka. Na buɗe, na kawo mata ruwa da dabino. Ta zauna a bakin kujera, tana magana a hankali don in gane.

Ta ce darasi ya lalace. Malama tana fara jimla sai ta tsaya tana kallon ƙofa. Shayin ma yanzu a fulas ɗanta yake barin musu tun safe. Ta ce ta miƙe rannan za ta dafa sabo, Gwaggo ta daka mata tsawa da Rashanci, wai baƙo ba ya shiga kicin.

"Wata nawa ina zuwa gidan nan," in ji ta, "ban san kalar bangon kicin ɗin ba. Ke kuwa kina buɗe firji ba ki tambayi kowa ba."

Na ce, "Ai aiki nake yi."

"Ni fa ko aikena ba a yi."

Ta faɗa tana dariya, amma na ga idonta. Na san irin kallon, na sha ganinsa a madubin lif.

Sannan ta ba ni labarin darasin makon. A kan iyali suka yi, yadda ake cewa uwa, ɗa, kaka. A Rasha, in ji ta, girmamawa ita ce ka kira mutum da sunansa haɗe da na ubansa, don haka suna yana da muhimmanci. Gwaggo ta sa ta lissafo 'yan gidansu ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama sai ita ma ta juya tambayar don ta gwada bakinta: malama, yaya sunan ɗanki? Gwaggo ta ce ba ta faɗa. Ba'amurkiya ta ɗauka ba ta yi tambayar daidai ba, ta sake. Sai Gwaggo ta yi mata bayani, da Rashanci, har sai da ta maimaita mata kafin ta kama: a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta ma cika kallonsa ba. Kunya ce.

"Na ce mata wannan abin tausayi ne. Ta ce a'a, kowa a gari ya san wanda ba a kiran sunansa." Ta kurɓi ruwa. "To ni tun tuni ina lura ba ta kiran naki. Har na ɗauka ba ta son ki, ina jin haushin yadda take miki. Sai na ce, ita kuma ta ƙasa fa, yaya sunanta?"

Na ce, "Ta ce me?"

"Ta cire gilashi ta goge, ta mayar. Ta ce in buɗe shafi na gaba."

Yayanmu babba ne ya faɗo mini a rai. Har mahaifiyarmu ta koma ga Allah ban ji ta kama sunansa ba. In ya dawo daga tafiya mu ta rungume mu saboda murnar tsarabar da ya kawo, shi ko ta ce, "Wannan, an dawo?" tana kallon wani wuri. Ina ƙarama har tausayinsa nake ji. Na san al'adar nan kamar tafin hannuna, amma daga gefen 'yar auta na san ta. Ban taɓa tsayawa inda yake tsayawa ba, ban san haka wurin yake da sanyi ba.

Na ce, "Amma ke tana ce miki 'yata."

Ta yi dariya sosai. "A can ko wace tsohuwa a cikin bas haka take ce wa ko wace yarinya. Ita da kanta ta gaya mini."

Na raka ta har bakin lif. Ta riƙe hannuna ta ce don Allah in dawo, shayin fulas ba ya shawuwa.

Washegari ina idar da la'asar na hau. Silifas suna nan a jere, mai su ba ta iso ba. Na tuɓe takalmina a waje, na tsallake su, na taka tayil. Na yi sallama. Gwaggo tana kan kujerarta, ƙafafu a miƙe, kanta ya yi buzu-buzu ba wanda ya taɓa shi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon taga.

"An warke?"

"Na warke, Gwaggo."

"To. Ke, wa ya ce miki kunun nan yana dama kansa?"

Na shiga kicin. Komai yana inda na bar shi, har ludayin da na jefa cikin kwano ranar da na yi fushi an wanke an rataye shi a ƙusar da ni kaɗai nake rataye shi. Na ɗora ruwa. Gari ya zube mini a ƙasa, na tsuguna ina sharewa ina share fuskata da gefen mayafi.

Can na ji ƙofa, na ji shuu, shuu, na ji Gwaggo ta ɗaga murya ta kira sunan ɗalibarta har da jan ƙarshe. Ba a jima ba dariya ta tashi. Ba zan ce ban ji komai ba. Har yau in suka kwashe da ita sai wani abu ya tsunkule ni a ƙasan haƙarƙari, in yi a'uziyya in ci gaba da yanka lemon tsami. Na goge manhajar daga wayata, amma gaisuwar nan ta ƙi fita daga kaina.

Da baƙuwa ta tafi, na kwashe kofunan gilashi, na jera silifas ɗinta a inda take samunsu. Gwaggo ta saki jiki a kujera kamar an zare mata wani abu, ta ce, "Wash, Allah." Na ɗauko man zafi na zauna a ƙasa, na ɗora ƙafarta a cinyata.

"Gwaggo, wai me ya ba ku dariya haka ɗazu?"

"Shirme ne na 'yan lakwal." Ta lumshe ido, ta kama hannuna ta matsar da shi ƙasan gwiwa. "Ke, nan. Nan ne yake ci na tun ranar da kika tafi."